Ciyawar ado a kofar gida

Wallahi bara da na fara dasa ciyawa a kofar gidanmu nan kauyen Ringim dariya aka yi ta min, Baba ma cewa yayi kai yanzu abin da muke nomewa a gona shi zaka kawo mana gida? To nidai jema na debo daga fadama, na tsaga tushenta gida-gida na jera ta bakin katanga farkon damina, tazarar kamar taki daya. Ita jema saiwarta kasa take nutsawa bata yaduwa barkatai, ruwan indararo da yake zaizaye mana gindin katanga bana ko kadan bai ci ba.

Kuskurena shi ne dasa ciyawar nan da ake kira kiri-kiri. Na sa ta tsakar gida wai ayi kore shar irin na gidajen Kano, sai gata har cikin fulawowin Inna, kullum cira nake.

Kyasuwa kuwa da kaka in ta fidda kan nan mai ja-ja iska na kada ta da yamma abin sai wanda ya gani, amma awakin makota basa daga mata kafa. Gamba na bari a bayan gida, ana shiga hunturu zan yanke ta saboda gobara, Baba har ya riga ya ce zana zai saka da ita.