Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har kwamfutar Islamiyyarmu ta farfaɗo

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, yau kwana tara ke nan kwamfutar ofishinmu tana aiki daga safe zuwa la'asar ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Wanda bai ga abin da muka sha a wannan zangon karatu ba zai ce mene ne abin sanarwa a nan. To, iyayen yara da suka yi ta sintiri suna tambayar sakamakon jarrabawa sun san dalili, kuma da su zan fara: Allah ya saka muku da alheri bisa haƙurin da kuka yi da mu.

Kwamfutar tsohuwa ce ta tebur, irin mai Core 2 Duo, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) giga 4, tana kan Windows 7. Sadaka aka ba makaranta ita, kuma a cikinta sunayen ɗalibai da makinsu da lissafin kuɗin wata suke. Tun shigowar hunturu ta fara. Ina cikin shigar da maki sai allon ya koma shuɗi da rubutu fari, ta tashi da kanta. Wata rana ko shuɗin ba za ta nuna ba, sai ɗif, kamar an ɗauke wuta alhali fankar silin tana juyawa. Makin aji huɗu sau uku na shigar da shi.

Mai gyaran da muka fara kai wa ya ce bairos ne, ya yi mata fomatin. Ba ta kwana biyu ba ta koma gidan jiya. Ban riƙe shi a zuci ba, amma gaskiya ko murfinta bai buɗe ba.

Babbar godiyata ga Injiniya ce, mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibanmu, wanda ya roƙe ni kada na ambaci sunansa. Ya zo bayan sallar isha'i da jakarsa, abin da ya fara tambaya shi ne: "Malam, ina kuka ajiye kwafin bayanan?" Na yi shiru. Bai taɓa komai ba sai da ya kwashe fayilolinmu zuwa filash biyu. Sannan ya buɗe inda Windows ke rubuta abin da ya faru, ya nuna mini Kernel-Power 41 jere reras. Ya ce wannan lambar tana faɗin cewa injin ya mutu ba bisa ƙa'ida ba ne kawai, ba ta faɗin dalili, don haka sai an bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya.

Da ya kwance murfin, kunya ta kama ni. Ƙurar hunturu ta yi dam a kan fankar farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kamar auduga, man da ake shafawa tsakanin farosesa da ƙarfen sanyaya shi kuwa ya bushe ya zama garin alli. Ya hure, ya goge, ya shafa sabo ɗan kaɗan, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Daga nan ya sa filash mai MemTest86 ya bar ta tana gwajin RAM har asuba. Da safe muka tarar da kurakurai cike da allo. Ya cire ɗaya daga cikin sandunan RAM ɗin guda biyu ya sake gwadawa, tsaf. Ya mayar da ɗayar ita kaɗai, kurakurai suka dawo. Ashe sanda guda ce ta lalace take jawo shuɗin allon. Ya kuma canja ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda mutuwarsa ce ta sa agogon kwamfutar ke komawa baya duk safiya.

Na ɗauka an gama, har na yi wa shugaban makaranta albishir. Kwana uku sai ɗif ya dawo, musamman idan an tada janareta. A nan na sare, na ce masa, "Injiniya, ko dai mu haƙura da ita?" Ya yi dariya ya ce ciwo biyu ne a jiki ɗaya, mun warkar da guda. Ya auna layin bolt 12 na fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, da mitarsa ya ga yana sauka da zarar injin ya ɗauki nauyi, ya leƙa ciki da tocila ya nuna mini kafasito biyu, wato 'yan kayan da ke tara wuta, da kawunansu suka kumbura. Ya gargaɗe ni kada na kuskura na buɗe wannan akwati da kaina, domin yana riƙe wuta ko bayan an zare soket. Aka sayo wani, aka ɗaura. Ko sisi bai karɓa na aikinsa ba. Allah ya yi wa zuri'arka albarka, Injiniya, ya sa ɗanka ya zama mahaddaci.

Ina godiya ga kwamitin iyaye da suka haɗa kuɗin RAM da fawa-fak ba tare da an yi ta kai-kawo ba, da Hajiyar da ta kawo sitabilaiza daga gidanta ta ce a bar wa makaranta. Malaman azuzuwa da suka sake tattaro makin daga rajistar hannu, Allah ya biya ku. Uwargida ma ta sha jiran abinci yana hucewa, na gode.

Injiniya ya tunatar da mu cewa tun Janairun 2020 aka daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro, saboda haka mun cire kwamfutar daga intanet, kuma duk Alhamis zan riƙa kwafe bayanai zuwa filash kafin na rufe ofis. An gama buga sakamako, za a raba ranar Asabar bayan darasin farko. Kowane ɗalibi ya zo da mahaifi ko wakilinsa.