Sunan Keziya da na ji a Kaltungo

Satin da ya wuce na je Kaltungo barkar haihuwa, abokiyar aikina ce ta samu ɗiya mace, ina tambayar suna aka ce Keziya. Na ce Ke-me? Kowa sai dariya. Ni dai na saba jin Saratu da Hannatu da Rifkatu, su Saratu ma ai Musulmi da Kirista duk muna sawa, amma wannan kam baƙo ne a kunnena.

Kakar jaririyar ce ta zaunar da ni ta ce yarinya, sunan ɗiyar Ayuba ne fa, ta biyu cikin mata 3 da ya haifa bayan ya warke, babbar ita ce Yemima, yana nan a sura ta 42 ta littafin Ayuba a cikin Baibul. Asalinsa Ibrananci ne, sunan wani ɓawon itace mai ƙamshi dangin kirfa, wato kamar ka sa wa yarinya Turare kenan. Abin da ya fi burge ni shi ne Ayuba ya ba 'ya'yan nan mata gado tare da 'yan'uwansu maza.

Tun a ranar dai 'yan gidan sun yanke shi ya koma Kezi.