Sikanin ɗin huhu a bakin gado

Ni fa da farko ban yarda sikanin zai tsinana komai a huhu ba, don haka aka koya mana, wai na'urar ba ta shiri da iska, shi kuma huhu ai iska ce fal cikinsa. Sikanin na masu juna biyu ne da hanta da ƙoda, shi ke nan.

Wani dare ne na sha mamaki. Wani dattijo da ke kan injin numfashi oksijin ɗinsa ya dinga sauka, 92, 86, 80, mai ɗaukar hoton ƙirji sai an jira shi, hoton CT kuwa, wanda sai an kai mutum ɗakin na'urarsa, ba a ma maganarsa, wa zai tura mutum da inji da ƙarin ruwa da wayoyi a wannan hali? Babbar likitarmu ta jawo na'urar sikanin ta shafa jel ta ɗora tsakanin haƙarƙari biyu. Akwai wani farin layi da ke fitowa a nan, in huhu na aiki za ka ga yana ɗan zamewa gaba da baya kamar jerin tururuwa. Dama yana motsi, hagu tsit. Wallahi har na fara laluben allurar da zan soka in fitar da iska, na ce iska ce ta taru ta danne huhun. Ta ce dakata malam, duba da kyau. Ashe layin yana ɗan harbawa daidai da bugun zuciya, ke nan huhun na manne da bangon ƙirji, iska ce kawai ba ta isa gare shi. Bututun numfashin da aka saka masa a maƙogwaro ne ya zurma ya shige reshen dama. Aka ɗan ja shi baya, oksijin ya hau.

Daga baya na zauna na karanta aikin Daniel Lichtenstein, likitan nan na Faransa da ya fitar da tsarin BLUE a 2008, wato hanyar duba huhu da sikanin don gano abin da ke hana mutum numfashi, ya gwada kan marasa lafiya 260 kuma ya dace da gano cutar a kusan kashi 90 cikin 100. A allon sikanin, layukan da ake kira A a kwance suke, alamar iska. Layukan B a tsaye suke kamar hasken tocila, uku ko fiye tsakanin haƙarƙari biyu to huhu ya jiƙe. In nimoniya ta cika shi kuma sai ya koma kamar hanta a allon.

Amma fa mai ƙiba sosai ko wanda iska ta shiga ƙarƙashin fatarsa sai ka yi ta murza kan na'urar ba ka ga komai ba, har yau in na haɗu da irinsu sai na kira babbarmu.