Titin Gibb da tirela a bayanmu

Kwana huɗu ke nan da dawowata Perth, amma har yanzu in na kaɗe jakata jar ƙasa ce ke zuba. Ni da abokina muka yi hayar jif a Broome, haɗe da tirelar kwana, irin wadda ake buɗewa ta zama tanti da gado da murhu. Muka nufi titin Gibb River da ya ratsa yankin Kimberley a arewa maso yammacin Ostiraliya, kilomita kusan 660 daga Derby zuwa wajen Kununurra. Don kwashe shanu aka yi shi a shekarun 1960, wato burtali ne na manyan motoci, kuma da damina rufe shi ake yi.

Abin da ya fara tsayar da ni kuka ce. Wallahi kuka, da ƙaton cikinta, a bakin hanya kamar ta bayan gidanmu a Dutsin-Ma. 'Yar uwar tamu ce, sai dai ta fi gajarta. Na tsinki ganye na murza a hannu, na ce wa abokina, "Malam, ga miya a banza ba mai kallonta."

Da kwalta ta ƙare muka san mun shigo. Hanyar kunya-kunya ce kamar an yi huɗa a gicciye. In ka tafi a hankali haƙoranka su kaɗa, in ka taka wuta tirela ta dinga wutsil-wutsil tana neman jan gindin motar. Mun rage iskar taya, ta motar da ta tirelar, duk da haka bayan mun wuce Imintji muka ji ƙara. Notocin taya ɗaya na tirelar sun kwance, biyu sun faɗi. Ba bakanike, ba mai faci, ba sabis a waya. A gida ko a dajin Falgore ka lalace, ba ka rasa mai babur.

Ba mu yi rabin awa ba wani dattijo da matarsa suka tsaya, su ma da tasu tirelar. Bai tambaye mu daga ina muke ba. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta cikin ƙura, ya ɗauko notoci daga wani tsohon gwangwanin biskit ya ɗaure mana, matar kuma ta miƙo mana shayi. Na ciro kuɗi, ya ture hannuna har da ɓata rai. Ya ce kowace safiya mu zagaya da sifana mu taɓa kowane noti kafin mu tashi. Mutanen nan ba su iya doguwar gaisuwa irin tamu ba, amma ban ga wanda ya wuce motar da ta tsaya bai rage gudu ba.

Man dizal a Mount Barnett kuwa tsada kamar me, ya fi na Broome nesa ba kusa ba. Ban ga laifinsu ba, na ga hanyar da tanka ke bi ta kawo shi.

Kogin Pentecost muka ratsa da yamma, ruwa na dukan ƙasan ƙofa, duwatsu na gurgura a ƙarƙashin taya. Akwai manyan kadoji a ciki, don haka ba wanda ya sauka auna zurfi. Kwana biyu muka yi a Kununurra, muka wanke tirelar, muka koma Broome ta kwalta.