Abin da Komawa Aji Ya Sauya a Yadda Nake Duba Yara

Ni likita ne na gama-gari, ba ƙwararre a fannin lafiyar yara ba, amma duk wanda ya zauna a ɗakin duba marasa lafiya ya san cewa da yawa daga cikin waɗanda ake kawo masa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ƙorafin iyaye bai cika wuce zazzaɓi da tari da gudawa da ƙin cin abinci ba. Saboda haka da lokacin sabunta lasisi ya gabato, aka buƙaci in tara makin ƙarin ilimi kamar yadda hukumomin kula da aikin likitoci ke wajabtawa a ƙasashe da dama, sai na yanke shawarar ba zan bi tarurruka barkatai ina tara takardun shaida ba. Na zaɓi in ba da lokacina ga cututtukan yara da ake gani kullum. Wasu abokan aiki sun ɗauki hakan ɓata lokaci, domin a ganinsu babu abin da likitan da ya daɗe a bakin aiki zai ƙara sani game da gudawa.

Abin da na fara fahimta shi ne, babban amfanin wannan karatu yana cikin sauke abin da aka koya mana tun muna ɗalibai, wanda bincike ya riga ya rushe ba tare da labari ya iso gare mu ba. Akan ce da tsohuwar zuma ake magani, amma a aikinmu tsohon sani yana iya cutar da yaro, kuma likitan da ke aiki da shi yana yi ne da kyakkyawar niyya da cikakken tabbaci, wanda hakan ne ya sa gyara shi ke da wuya.

Batun ƙarin ruwa ne ya fi girgiza ni. An tarbiyyantar da mu a kan cewa idan yaro mai zazzaɓi mai tsanani ya zo hannayensa da ƙafafunsa sun yi sanyi, to a hanzarta ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya. A shekarar 2011 aka wallafa sakamakon binciken da ake kira FEAST, wanda aka gudanar a Kenya da Uganda da Tanzaniya a kan yara sama da 3,000. Cikin sa'o'i 48 na farko, kimanin kashi 10.5 cikin 100 na yaran da aka ɗura wa ruwa cikin gaggawa sun rasu, yayin da a cikin waɗanda ba a yi wa haka ba adadin ya tsaya a kashi 7.3. Da malamar da ke jagorantar bitar ta kai nan, ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan wani dattijon likita ya ce, "Ranki ya daɗe, mun sha ganin yaro ya farfaɗo a gabanmu bayan an ɗura masa ruwa." Ta amsa da cewa, "Gaskiya ne, Likita, kuma a cikin binciken ma an ga alamun sun gyaru da farko. Abin da ba ka gani ba shi ne abin da ya faru da daddare bayan ka tashi daga aiki." Ta kuma ja hankalinmu kada mu wuce gona da iri, domin binciken bai haɗa da yara masu gudawa ko tamowa mai tsanani ko ƙuna ba, kuma yaron da gudawa ta zuƙe masa ruwan jiki har yanzu yana buƙatar ƙarin ruwa ba tare da jinkiri ba. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2016 ta taƙaita ɗura ruwan gaggawa ga yaron da ya haɗa alamu uku: sanyin gaɓoɓi, da jinkirin dawowar jini ƙarƙashin farce fiye da daƙiƙa uku bayan an danna, da bugun jini mai rauni da sauri. Ko a nan ma a hankali ake bayarwa, ana sake duba yaron.

Game da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, na riga na san cewa allurar atesunet ta maye gurbin kwinin bayan binciken AQUAMAT na 2010, wanda ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 10.9 zuwa 8.5 cikin 100 a tsakanin yara fiye da 5,000 a ƙasashe tara na Afirka. Abin da ya kasance sabo a gare ni shi ne gyaran da aka yi wa ma'auni a 2015, cewa yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kan kowane kilo, maimakon 2.4. Irin wannan ƙaramin sauyi ba ya shiga labarai, kuma babu mai zuwa ya faɗa maka sai ka nema da kanka.

Gudawar da abokaina suka raina ita ma tana da nata. Tun a 2002 aka rage ƙarfin haɗin ruwan gishiri da sukari, kuma sabon haɗin ya rage buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya da kusan kashi ɗaya bisa uku. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa shi da sinadarin zink, miligiram 20 a rana na tsawon kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata shida ba. Duk wanda ke cikin ajin ya san haka a takarda, amma da aka rarraba mana takardun magani na gwaji muka rubuta, da yawa sun saka maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali gudawar da babu jini a cikinta galibi ba ta buƙatarsa, sai dai idan ana zargin kwalara. A ganina rashin sani ba shi ne ke kawo wannan ba. Likita yana jin nauyin ya sallami uwa da abin da take ganin ba magani ba ne, kuma rubuta magani ya fi zama a yi bayani sauƙi.

Darasin da ya fi zama a kaina ban same shi a lacca ba. An nuna mana bidiyon yara masu tari, aka ba kowa agogo, aka ce ya ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya ya rubuta ba tare da ya leƙa na maƙwabcinsa ba. Amsoshinmu a kan yaro guda sun yi nesa da juna, duk da cewa kowanenmu ya haddace iyakokin da ke nuna saurin numfashi: numfashi 60 a minti ga jariri ƙasa da wata biyu, 50 daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara ɗaya, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Haka kuma mun yi saɓani wajen gane lotsawar ƙasan ƙirji, wadda ake dubawa lokacin da yaro ke jan numfashi yana cikin natsuwa, ba lokacin da yake kuka ba. Wannan yana da muhimmanci domin tun 2014 aka sauya rabe-raben nimoniya, wato ciwon huhu, ta yadda yaro daga wata biyu zuwa shekara biyar mai lotsawar ƙirji zai iya shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoksisilin a gida na kwana biyar, matuƙar babu alamar haɗari ko wata larura da ta raunana garkuwar jikinsa. Alamun haɗarin kuwa su ne waɗanda tsarin IMCI na haɗa duba cututtukan yara wuri guda, da aka ɓullo da shi a tsakiyar shekarun 1990, ya jera: kasa sha ko kama nono, amayar da komai, jijjiga, da mutuwar jiki ko fita hayyaci. Daga nan na mayar da 'yar na'urar auna iskar oksijin a yatsa abin da nake ɗauka kafin in ɗauki biro, domin yaron da ma'auninsa ya gaza kashi 90 yana buƙatar oksijin ko da ido na ganin kamar ya samu sauƙi.

Bayan na gwada laccoci da kwas ta intanet da bitar da ake aiki da hannu, hukuncina shi ne lacca zalla ita ce mafi ƙarancin tasiri, kuma nazarin da cibiyar Cochrane, mai haɗa sakamakon binciken lafiya, ta tattara ya nuna cewa tarurrukan da suka haɗa bayani da tattaunawa sun fi sauya aikin likita. Kwas ta intanet tana da amfani wajen sabunta ma'aunin magani, amma ba za ta koya wa yatsunka neman jijiyar jariri ba. Akwai kuma tarurrukan da kamfanonin magani ke ɗaukar nauyi, waɗanda ba na cewa duka marasa amfani ne, sai dai na lura cewa ba a cika shirya su a kan ƙirga numfashi ko ruwan gishiri da sukari ba, tunda babu mai cin riba daga waɗannan.

Tamowa ce ɓangaren da na shiga da ƙarancin sani. Na koyi auna damtsen kowane yaro daga wata shida zuwa shekara biyar, ko da tari kawai aka kawo shi, domin abin da ya gaza milimita 115, ko kumburin ƙafafu biyu, yana nufin tamowa mai tsanani. Irin wannan yaro kusan komai nasa daban ne: zuciyarsa ba ta jure ruwa mai yawa ta jijiya, sukarin jininsa da zafin jikinsa suna faɗuwa da sauri, zai iya ɗauke da cuta mai tsanani ba tare da zazzaɓi ba, kuma ba a fara ba shi maganin ƙarin jini a kwanakin farko duk da ƙarancin jinin da ake gani.

Da na dawo bakin aiki, na gane cewa abin da likita ɗaya ya koyo ba ya kai wa ga yaro idan ma'aikatan jinya da ke karɓarsa a ƙofa, su auna shi, su ɗaura masa ruwa, ba su san da sauyin ba. Sai muka kafa zama na mako-mako, inda muke ɗauko fayil ɗin yaro guda da aka kwantar, mu bi shi daga isowa zuwa sallama, mu kwatanta abin da aka yi da abin da jagora ta tanada, ba tare da an ambaci sunan wanda ya duba shi ba. Babbar ma'aikaciyar jinyarmu ce ta kawo shawarar a manna jadawalin ma'aunin magani bisa nauyin yaro kusa da sikeli, kuma ita ce ta nace cewa kafin a sallami kowace uwa, a roƙe ta ta maimaita da bakinta alamun da za su sa ta dawo da yaron nan take.

Waɗannan zama ba sa kawo makin sabunta lasisi, amma daga cikinsu nake gane kwas ɗin da ya kamata in nema a gaba. Fayilolin da muka duba sun nuna cewa mun fi rauni a kan jarirai 'yan ƙasa da wata biyu, waɗanda cuta mai tsanani kan bayyana a jikinsu da ƙin kama nono ko faɗuwar zafin jiki ƙasa da digiri 35.5 kawai, saboda haka na yi rajistar bita a kan kula da jarirai sababbin haihuwa, kuma a wannan karon tare da ma'aikatan jinya biyu za mu je.