Kalma ɗaya a make.conf ta ci mini kwana biyu da forfen wata

Bara a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 tun kafin azahar, na sayi tsohuwar kwamfutar hannu ThinkPad a hannun wani mai gyara a Katako, na ce sai na sa mata Gentoo. Ga wanda bai san ta ba, Gentoo Linux ce wadda a al'adarta ba ta miƙo maka manhaja a dafe. Ɗanyen rubutun manhajar take saukowa da shi, kwamfutarka ta harhaɗa, kai kuma ka zaɓi abin da zai shiga da abin da za a bari. Maɓallan zaɓin nan ake kira USE. Kana iya rubuta su a /etc/portage/make.conf su hau kan duk abin da ke cikin na'urar, ko a /etc/portage/package.use ka ce manhaja kaza kaɗai nake nufi.

Buƙatata ba ta taka kara ta karya ba. PostgreSQL nake koyo, manhajar rumbun adana bayanai, forfe kuma ba ya jimawa a hannuna, sai na so littafin bayaninta ya zauna cikin kwamfuta in riƙa karantawa ko babu intanet. Na ga akwai maɓallin doc, wanda ke sa manhaja ta zo da littafin bayaninta. Ƙiwa ta raɗa mini cewa in jefa shi a make.conf, kowace manhaja ta zo da nata bayanin, in huta gaba ɗaya. Na jefa, na buga emerge --ask --changed-use --deep @world, umarnin sake gina duk manhajar da sauyin ya shafa.

Portage, mai kula da ɗora manhajoji a Gentoo, ta ƙi tun daga ƙofa. Manhajar da ke haɗa bayani tana jiran wata, waccan kuma ba ta ginuwa sai an haɗa nata bayanin da ta farkon: kowa na jiran kowa. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni na bi ina kashe doc na wucin gadi a nan, ina kashewa a can, har lissafi ya fito. Doguwar jera ce, ga Sphinx, ga Doxygen, ga wasu sassan TeX Live da ban taɓa nema ba. Ban karanta har ƙarshe ba na amsa.

Kwana biyu fankar kwamfutar tana kuka. Na ɗora ta kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙasanta, na juyo mata bantilatar ɗaki, ni na kwana cikin zufa. Daren farko kuran ya yanke, batirin da mai sayarwa ya rantse mini yana awa uku bai kai minti 40 ba. Allah ya sa emerge --resume tana ci gaba daga manhajar da ta tsaya a kai, sai dai ita wannan ɗin daga farko ake sake ta. Forfen wata kuwa ya tafi wajen sauko da kayan da har yau ban buɗe ba.

A fada na ba wani yayana a sana'a labari, yana zuba shayi na biyu. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ƙanena, gishiri kake so a miyarka, shi ne ka je ka zuba a rijiyar unguwa?" Ya karɓi kwamfutar, ya goge doc daga make.conf, ya rubuta layi guda a package.use: dev-db/postgresql doc. Aka sake gini, emerge --depclean ta share tarkacen. Daga baya na ga jagorar Gentoo ma ta yi kashedi a kan kunna doc ga kowa da kowa. Na wuce wurin da gudu ne.

Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Na koma tsoron make.conf, komai sai package.use. Bluetooth ɗin na'urar a mace yake, na riƙa rubuta -bluetooth, wato a kashe shi, ga manhaja ɗaya bayan ɗaya har layi 14, kuma duk sabuwar da na ɗora sai ta shigo da shi a kunne ta nemi jawo BlueZ, manhajar Bluetooth ta Linux, saboda tsarin tebur da na zaɓa da eselect profile ya kunna shi tun asali. Wannan kam wurinsa make.conf ne, kalma ɗaya ta gama magana.

Yanzu tambayar da nake yi kafin in taɓa maɓalli ita ce: halin na'urar yake faɗa, ko kwaɗayina na yau? Ba ni da Bluetooth, sautina ta PipeWire yake bi, waɗannan hali ne, su hau kan kowa. Python a cikin Vim, bayanin PostgreSQL, kwaɗayi ne, kowane ya zauna a layinsa. Ko na yi kuskure akwai gyara, tunda maganar package.use ce ke rinjaye a kan ta make.conf. Kuma ina buga equery uses tukuna in ga aikin kowane maɓalli a manhajar, don suna ɗaya kan yi aiki dabam a manhaja biyu.

Akwai kuma batun aljihu. Tun Disamban 2023 Gentoo ke ba da manhajoji haɗaɗɗu, amma Portage tana ɗaukar su ne in maɓallanka sun dace da waɗanda aka gina su da su. Maɓalli guda da ka sauya ga kowa yana iya mayar da kai gina abubuwa da dama da kanka, alhali ga su a shirye. A Yamai, a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Jiya na leƙa package.use ɗina, layi 9 suka rage. A saman kowane akwai # da kwanan wata da dalili. Ɗaya na rubuta masa "ban tuna ba, kar a taɓa", kuma har yanzu ban taɓa ba.