Yawon neman faifan punk a Landan

Ranar Asabar da sassafe na hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa tashar Euston ta Landan, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna, kuma ba abin da ya kai ni sai faifai, eh faifan garmaho wanda ake ɗora wa allura, amma na kiɗan punk, wato kiɗan rock mai zafi da sauri na matasa masu bore. Daga Euston Square na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauka a Ladbroke Grove, na ratsa kasuwar Portobello da ƙyar don ranar cin ta ce, mutane maƙil.

Shagon faifai na Rough Trade na kan titin Talbot ɗan ƙarami ne wallahi, in kun kai goma a ciki sai kun riƙa gogar kafaɗar juna, bango kuwa duk tsofaffin fastoci da kwalayen faifai har sama. Geoff Travis ne ya buɗe shi a 1976 a Kensington Park Road nan kusa kafin su dawo nan, daga baya ya zama kamfanin buga faifai, su suka fitar da ƙungiyar mawaƙa ta The Smiths. Abin da ya sa nake ganin girman wurin shi ne a wancan lokacin yaro zai haɗa waƙarsa da kuɗin aljihunsa, ya buga faifai ya ɗauko a jaka ya kawo a sayar masa, ba sai ya je ya durƙusa wa manyan kamfanoni ba. Haka Buzzcocks 'yan Manchester suka yi a farkon 1977, rance suka ci wajen dangi da abokai suka fitar da ɗan faifai mai waƙa huɗu da kansu. Ni a wajena wannan shi ne punk ɗin, gyaran gashi da yagaggen wando duk ado ne.

Ina cikin juya faifai ɗaya bayan ɗaya sai ga faifan Mdou Moctar, makaɗin jitar nan ɗan Nijar, wanda Matador ta Amurka ta fitar masa a 2021, kamfanin da aka sani da fitar da kiɗan alternative rock. Kai na ji daɗi ba kaɗan ba.

Amma fa farashi ya sosa min rai. Sabon bugu na kundin The Clash na 1979 ko na Nirvana na 1991 sai ka ga ana neman fam talatin, bugun asali na Sex Pistols na 1977 mai kwali ruwan ɗorawa da hoda kuwa in yana da lafiya sai mai hannu da shuni. Kiɗan da matasa marasa aikin yi suka ƙirƙiro don fushi da halin da suke ciki, yau irinsu ba za su iya sayensa ba, abin bai min daɗi ba gaskiya.

Na leƙa King's Road lamba 430, inda Malcolm McLaren da Vivienne Westwood suka yi shagon tufafin da Sex Pistols suka taso a ciki, agogon nan mai juyawa da baya yana nan a goshin shagon. Ban jima ba na wuce Soho.

A titin Berwick na yi sayayyata, a Reckless Records da ke sayar da na hannu. Wani dattijo kusa da ni ya zaro faifai daga kwali, ya riƙe shi ta gefe da tafin hannu bai taɓa fuskarsa ba, ya karkata shi wajen fitila yana duba ƙarzuna, ni ma haka na yi wa kowanne kafin in biya. Na ɗauki X-Ray Spex na 1978 saboda mawaƙiyarsu Poly Styrene, mahaifinta ɗan Somaliya ne kuma tana cikin waɗanda suka hau dandamali a gangamin yaƙi da wariyar launin fata na Rock Against Racism a Victoria Park a shekarar, sai wasu ƙananan faifai masu juyawa sau 45 a minti ɗaya. Babban reshen Rough Trade na Brick Lane da aka buɗe a 2007 dole na haƙura da shi, lokacin jirgina ya matso kuma Euston da ɗan tazara.